Igiyar caji: wacce za ka ɗauka in ka shiga kasuwar Dole ta Damagaram?

Kusan kullum sai wani ya turo min hoton igiya a WhatsApp yana cewa yaya duba min wannan, mai kyau ce? To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. In dai wayarka ko ordinater ɗinka na da ƙofar USB-C, wato 'yar ƙofar nan mai kamar ƙwayar dabino wadda duk ta inda ka juya igiya take shiga, to ka nemi igiya mai kan C gaba da baya, ka haɗa ta da kan sharjer mai ƙofar C shi ma. Ita nake amfani da ita, ita kuma nake saya wa mutanen gidanmu.

Dalili? Wannan kai na C tun 2014 aka fito da shi, haƙora 24 ne a cikinsa, kuma ba wuta kawai yake turawa ba, waya da sharjer sai sun yi magana tukuna ta cikin igiyar, wayar ta ce ga abin da nake iya ɗauka sannan sharjer ya ba ta daidai gwargwado. Kafin su daidaita babu ƙarfin da zai wuce. Shi ya sa kan sharjer ɗaya mai wat 65 yake cika min ordinater, in cire in sa wa ƙaramar waya ba tare da fargaba ba. Mu da kuran ke zuwa yana tafiya, wani lokaci awa ɗaya za ka samu kafin a sake ɗaukewa, abin da zai cika maka batir cikin wannan awar ai ba abin wasa ba ne. Igiyar C da C ta yau da kullum tana ɗaukar amper 3, wato wat 60, ta ishi kowace waya da yawancin ƙananan ordinater. Mai ɗaukar amper 5, wat 100, dole sai da wani ɗan guntun na'ura a cikin kanta da ke shaida wa sharjer cewa za ta iya, in babu shi ko me aka rubuta a kwali wat 60 za ta tsaya. Tun 2021 ma akwai masu kaiwa wat 240 amma wannan na masu manyan injuna ne, kar ka ɓarnatar da kuɗinka.

Kuma ita ce mai gobe. Tarayyar Turai ta yi doka cewa daga ƙarshen Disamba 2024 duk sabuwar wayar da za a sayar a ƙasashensu sai da ƙofar C, Apple ma da ya daɗe yana riƙe da nasa ya sauka tun iPhone 15 a 2023. Kayan da ke shigo mana daga Kano da Dubai haka za su bi.

Sauran fa? Micro-USB, wadda muke ce wa igiyar Android, tun 2007 take, fuska ɗaya take shiga kuma ƙugiyoyinta ba sa jimawa sun saki, ka saye ta kawai in tsohuwar itel ɗinka ko rediyonka ita suke so. Lightning ta masu iPhone 14 zuwa ƙasa ce, ba zaɓi gare su ba. Mai kawuna uku kuwa, wadda ake cewa ta kowa da kowa, ban taɓa riƙe wadda ta burge ni ba. Mai faffaɗan kai na A a gefe ɗaya da C a ɗayan ita kaɗai zan ɗaga wa ƙafa, don wasu wayoyin saurin cajinsu sai da igiyarsu ta cikin kwali, sannan wasu fitilu da 'yan fanka masu araha ƙofarsu C ce a ido amma an rage musu abu a ciki, in ka sa C da C ko motsi ba sa yi. A ajiye ɗaya a gida saboda su.

Amma mai kan A da C ɗin nan ce ta cuce ni, shi ya sa har yau ba na sakin jiki da ita. Bazarar bara na sayi irinta a hannun wani mai tebur kusa da tasha, dala ɗari, an saƙe ta da zare tana ƙyalli, ya ce min wallahi alhaji orijinal ce. Na sa waya da dare na kwanta, da asuba warin roba ne ya tashe ni, bakin igiyar ya narke ya manne da ƙofar wayar. Mai gyara ya buɗe ya ce wutar ta ci har cikin kat, wato babban allon cikin wayar. Ba kuɗin wayar ne ya fi yi min ciwo ba, hotunan sunan 'yata ne da muryoyin mahaifiyarmu da take turo min, ban kwafe su ko'ina ba, Allah ya sani har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Kuma ba mu kaɗai abin ke samu ba, akwai wani injiniyan Google, Benson Leung, da ya riƙa sayen igiyoyin C yana gwada su, a 2016 wata da aka haɗa wayoyinta a birkice ta ƙona masa nasa ordinater.

Don haka ku saurara da kyau. Kyan zare ba shaida ba ne, sunan kamfani a kwali ma ba shaida ba ne, kwali ai bugawa ake yi. 'Yan jabu abin da suke yi shi ne su sirantar da jan ƙarfen ciki, ko su sa alminiyom su shafe shi da launin jan ƙarfe, sai igiya ta riƙa zafi tana cinye wutar kafin ta kai ga waya, ga zafinmu na watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Ka ɗaga ta ka ji nauyi, in ta yi sakwat kamar igiyar shanya ajiye ta. Ka duba ƙarfen bakin, mai kyau sumul yake ba ka ganin ɗinki, kuma in ta shiga za ka ji ta ce ƙas ta kama. Kar ka ba da kuɗi sai an jona maka a nan butik ɗin ka ga wayar ta rubuta caji mai sauri, ka tsaya minti biyar ka taɓa bakin, in ya yi zafi ka ce na gode. Mai kayan da ya ƙi a gwada ya san abin da ya taka. Wasu kuma caji kaɗai suke yi, an cire musu wayoyin ɗaukar bayanai, sai ka je kwafe takardu a ordinater ka ga shiru, ɗalibanmu na jami'ar André Salifou masu rubutun kammala karatu ku lura da wannan. Ko ta kirki ma yawanci gudun USB 2.0 gare ta, megabit 480 a daƙiƙa, mai aikin bidiyo sai ya nemi wadda ta fi gudun kwafe bayanai, wadda aka rubuta wa 5 ko 10 Gbps, wato gigabit a daƙiƙa.

Kan sharjer ɗin ma a duba ƙafafunsa, na Kano yawanci masu ƙafa uku ne irin na Ingila, mu kuma soket ɗinmu na ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Faransa, kar a riƙa cusa shi da tsinke, a sayi adafta. In kuma igiya ta fara ƙin kamawa bayan hunturu, kafin ka zarge ta kashe wayar ka sa tsinken sakace a hankali ka fitar da ƙurar da ta daskare a ƙofar, ban da allura. Tawa ta yanzu mita ɗaya ce, wat 60, a wajen mai butik ɗin da na san inda zan same shi gobe na saye ta, jikka biyu da rabi.