Ma'adanar Tarihin Mata ta Schlesinger: Ra'ayi daga Maraɗi

Ɗakin karatu na Schlesinger da ke Jami'ar Harvard a Amurka, wanda aka kafa a 1943, taska ce ta tarihin mata, inda aka adana wasiƙu, hotuna da takardun mata irin su Angela Davis, 'yar gwagwarmayar kare haƙƙin baƙaƙen fata a Amurka, har da tarin littattafan girki. Abin da ya fi burge ni shi ne an ɗora wani ɓangare a intanet kyauta, ta yadda ɗalibar jami'a a nan Maraɗi za ta iya duba shi ta wayarta. Sai dai akasarin takardun da Ingilishi suke, alhali mu Faransanci muka karanta, kuma taskar ta karkata ga matan Amurka, saboda haka mai binciken tarihin Sarauniya Mangu ko 'Yan Tarun Nana Asma'u dole ta nemi wata ma'adana.