Dayis ko jan lalle: amsa ga uwar amarya a Jidda

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Kin ce mai ƙunshi ta ba ki zaɓi tsakanin dayis da jan lalle. Ki ɗauki jan lalle, kuma garin ki sayo shi da hannunki.

Dayis yana kamawa cikin rabin sa'a zuwa sa'a guda, zanensa yana fita sosai a hoto. Iyakar abin yabonsa ke nan. Ganyen lalle ba ya yin baƙi wuluk, komai kyawunsa. Baƙin nan na rinin gashi ne, wani sinadari da likitoci ke kira PPD, wanda 'yan'uwanmu na Sudan ke ce wa sibga. A Turai dokar rinin gashi ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 ba bayan an haɗa, kuma sam ba a yarda a zana shi a fata ba. Amma da aka auna baƙin lallen shagunan kwalliya a Hadaddiyar Daular Larabawa a 2010, an samu wanda ya kusa kashi 30 cikin 100.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne ba nan take yake nuna kansa ba. Wadda ba ta taɓa yi ba, sai bayan kwana 7 zuwa 14 ƙaiƙayi zai fara, amarya ta riga ta tare. Fata ta yi ja, ta tasa daidai kan zanen, ki ga fulawar nan da ganyenta sun fito ɓaro-ɓaro kamar an ɗinka zare a ƙarƙashin fata, sannan bororo mai ruwa ya biyo baya. In ya warke, a irin fatarmu yakan bar tabo fari ko baƙi mai siffar zanen har tsawon watanni, wata kuma ya zame mata tabo mai tudu. Wadda jikinta ya riga ya san sinadarin kuwa, kwana ɗaya zuwa uku sun isa. Shi ya sa zancen "ai mun sha yi ba abin da ya same mu" ba hujja ba ne, jiki yana iya ɗauka ko a karo na biyar ko na goma. Da zarar ya ɗauka kuma, har ƙarshen rayuwa ne. Ranar da ta shafa rinin furfura fatar kai da fuska za su kumbura, ido ya rufe. Wasu har baƙar roba, da rinin wasu baƙaƙen tufafi, da maganin kashe zafi irin benzokain, da magungunan salfa sukan tayar musu, don sinadaran dangin juna ne.

Za ki ji ana cewa a ɗan ɗiga a hannu a gwada tukuna. Ga dayis wannan gwajin ba ya kare kowa: gwajin kwana biyu ba zai nuna abin da sai bayan mako zai fito ba, kuma ɗigon nan ma yana iya zama silar kamuwa.

Jan lalle shi haƙuri yake so, amma yana biyan mai haƙuri. Ki je shagon attara, wato masu sayar da ganyayyaki da kayan ƙanshi, irin na Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ki nemi gari mai launin kore-kore, mai ƙanshin busasshen ganye. Giram 100 ya wadatar da hannu da ƙafa in zane ne. A tankaɗe shi sau biyu da yadi mai laushi don kada ya toshe bakin leda. A kwaɓa da ruwan ɗumi ko ruwan shayi, ɗan lemun tsami kaɗan, da sukari cokali ɗaya ko biyu don ya manne. A rufe a ajiye shi ya tsumu. A zafin Jidda sa'a huɗu zuwa shida sun isa. Yadda za ki gane ya yi: ki ɗora ɗigo a tafin hannu minti biyar, in kin goge kin ga launin ruwan goro, ya shirya. Ya zauna a jiki sa'a shida zuwa takwas, kwana da shi ya fi. Da safe a kankare, kada a wanke, a shafa man zaitun, a kauce wa ruwa yinin nan. Kada amarya ta tsorata in ta ga ya fito fayau, cikin kwana biyu yake nuna ya koma ja mai duhu, tafin hannu da tafin ƙafa su fi ko'ina kamawa. Don haka ƙunshin ya kasance kwana biyu ko uku kafin yinin biki. Muhallabiyya da sauran mayuka masu ƙanshi, a gwada su a cikin dantse tukuna, turare ma yana sa wasu borin jini.

Abu ɗaya game da jan lallen: kada a shafa wa jarirai, haka duk yaron da aka ce yana da ƙarancin G6PD, wato waɗanda ake hana su cin waken ful. Lalle yana iya farfasa musu jini, kuma wannan lalura tana da yawa a cikinmu da cikin mutanen ƙasar nan ta Saudiyya.

Ki kula da masu sayarwa, Hajiya. Za a miƙo miki kwali an rubuta "tabi'i miya bil miya", wato na asali ɗari bisa ɗari, alhali rini ne a ciki. Kwaɓaɓɓen lalle na gaske kwana kaɗan yake yi ƙarfinsa ya tafi in ba a firiza yake ba, to wanda ya yi watanni a kan kanta cikin leda yana kama jiki a minti goma, da me aka haɗa shi? In kin ji warin fetur ko kananzir, ki ajiye. Mai ƙunshin ma ta kwaɓa a gabanki. In kin ga ta fito da 'yar kwalbar haidurojin ko baƙin gari a ƙulle, dayis ne ko da wane suna ta kira shi. Kuma kada a bar shi inda yara za su kai. Likitocin Khartum sun ba da rahoton yara 31 da gubarsa ta kwantar tsakanin 1984 da 1989, 13 daga cikinsu suka rasu. Harshe da wuya ne ke kumbura su toshe numfashi, fitsari ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ƙoda ta tsaya.

In wata cikin ƙawaye ta riga ta yi dayis ƙaiƙayi ya taso, ta wanke wurin da ruwa da sabulu marar ƙanshi, ta ɗora tsumma mai sanyi, kada ta fasa bororon. Kada ta karɓi kowane man shafawa a saidaliyya, wato kantin magani, kai tsaye, musamman mai neomaisin a ciki, shi ma yana cikin masu tayar da irin wannan ƙuraje. Ta ga likitan fata, yawanci man kotizon ake rubutawa na mako ɗaya zuwa biyu, da ƙwayar rage ƙaiƙayi. Bayan ta warke ta nemi gwajin da ake manna sinadarai a gadon baya sa'a 48, a sake dubawa bayan kwana uku ko huɗu. Neman shawara ta waya, 937 ne, layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya. In kuwa leɓe, harshe ko wuya ya kumbura, ko numfashi ya yi nauyi, a kira motar asibiti a 997 nan take.