Masu wanke mabul da na kira bayan aikin fenti

Duk wanda aka taɓa yi wa fenti a gida mai mabul ya san abin da masu fenti ke bari a baya. Namu sun shimfiɗa buhunan siminti a falo, amma matattakalar bene haka suka bar ta, ta sha ɗigon fenti mai mai tun daga sama har ƙasa, ga na ruwa a gindin bango. Farin mabul ne mai jirwayen toka-toka, kun kuma san yadda kuɗinsa ya koma yanzu. Shi ya sa na hana yaran gida sa masa reza, na kira wani kamfanin share-share da ke tallar aikinsa a Instagram, nan Kaduna.

Cire fentin kam, Allah Ya saka musu da alheri. Na ruwan bai ba su wuya ba, ruwan ɗumi da sabulu suka sa ya jiƙa, suka kankare da 'yar roba mai faɗi. Mai man ne na ɗauka sai dai haƙuri. Babbansu, wani dattijo mai natsuwa, ya kwaɓa farar hoda da ruwan cire fenti ta yi kauri kamar ƙullin ƙosai, ya shafa a kan kowane tabo, ya rufe da leda ya manne gefen da salatif. Ya ce, "Hajiya, kada kowa ya taɓa sai gobe. Mabul yana shan abu. In aka zuba tina, ruwan tsinka fenti, aka hau gurza, ciki launin yake shigewa. Wannan hodar in ta bushe ita za ta tsotso shi." Washegari da suka ɗaye ledar, hodar ta rine, dutsen ƙarƙashinta fes. Babban tabo ɗaya ne kawai sai da aka maimaita. A take na tura wa ƙawayena hoto da lambarsu.

To, a ranar ce kuma aka ɓata mini rai. Dattijon ya tafi duba wani aiki ya bar yara biyu su ƙarasa. Akwai ragowar siminti a matakala ta ƙarshe, sai ɗayansu ya ɗauko jarka daga mota ya tsiyaya. Ina kicin wari ya shaƙe ni. Ko da na fito, wurin yana kumfa yana tsuwa. Asid ɗin da masu tayil ke wanke ƙasa da shi ne! Na ce masa, "Kai yaro, me ka zuba?" Ya ce wai haka suke yi ko'ina. Tayil yana jure wannan ruwan, mabul ba ya jurewa, domin asalinsa dutsen farar ƙasa ne, ko ruwan lemun tsami ya jima a kansa sai ya cinye sheƙinsa, balle asid. Mun kwarara ruwa, amma aikin gama ya gama. Wurin ya dushe, faɗin faranti, in ka shafa ka ji kaushi, har da layin da ruwan ya bi ya gangara.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne amsar ofishinsu. Wadda ta ɗauki waya cewa ta yi wataƙila dama haka wurin yake. Ni da nake share matakalar nan kullum! Sai da dattijon ya dawo ya gani da idonsa, ya yi salati, ya ba ni haƙuri, sannan suka turo mai injin gogewa. Ya bi wurin da faifai mai kaushi, ya koma mai laushi, ya ƙare da hodar sheƙi. Ya gyaru sosai, baƙo ba zai lura ba. Ni dai da la'asar in rana ta shigo ta taga ina ganin bambancin.

Kuma kuɗin injin a kaina suka so ɗorawa. Maigida ya ce a raba biyu a wuce wurin, aka raba, har yau ban ga dalilin da zai sa in biya ɓarnar da ba ni na yi ba.

Ƙawayen da na tura wa lamba duk na sake kiransu. Na ce in za su kira su, sai da sharaɗin dattijon nan ya tsaya a kan aikin har a gama, kuma duk jarkar da za a shigo da ita gidan a buɗe a tambayi abin da ke ciki tun daga bakin ƙofa.