Sharhi kan aikin kamfanin da ya tayar mana da babbar na'urar sanyi da ɗumi a Jos

Shekara guda ke nan da muka girka babbar na'urar sanyaya ɗaki da ɗumama shi a zauren taron da nake kula da shi a Jos, kuma da gangan na jinkirta wannan sharhi har sai da na'urar ta ga bazara, ta ga damina, ta kuma ga hunturu, domin irin wannan aiki ba a gane ingancinsa a ranar da aka gama shi. Sharhin ya shafi kamfanin da muka ɗauka domin ya duba na'urar bayan an girka ta, ya kunna ta karon farko, ya kuma tabbatar tana aiki yadda masu ƙera ta suka tsara. Ba su suka sayar mana da ita ba, ba kuma su suka girka ta ba, saboda haka ba su da wani kuskure na kansu da za su rufe.

Ga wanda bai saba da ita ba, wannan na'ura ta bambanta da ƙananan na'urorin sanyi na gida, waɗanda rabinsu ke rataye a bangon ɗaki, rabinsu kuma ke waje. Ita komai nata yana cikin akwati guda na ƙarfe: kwamfaresa, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, da bututun da ke ɗauke zafi daga iska, da wanda ke fitar da zafin waje, da babbar fankar da ke tura iska cikin gini. Ana ajiye ta a kan rufi ko a kan dakalin suminti a gefen gini, sannan a haɗa ta da manyan hanyoyin iska guda biyu, ɗaya na shigar da iska, ɗaya na dawo da ita. Tamu mai tan 15 ce, kuma da yake tan ɗaya na sanyi daidai yake da kusan kilowat 3.5, ƙarfinta ya kusa kilowat 53. Tana da kwamfaresa biyu, kuma tana iya juya aikinta ta ba da ɗumi, abin da ya sa muka zaɓe ta ke nan, domin duk wanda ya taɓa zama taron safe a Jos a watan Disamba ko Janairu ya san cewa sanyin garin ba abin wasa ba ne.

Mutum uku suka zo, injiniya ɗaya da yaransa biyu, kuma abin da suka fara yi bai yi mini daɗi ba a lokacin. Muna da biki nan da kwana huɗu, na ƙagu in ji sanyi ya cika zaure, amma injiniyan ya ce ba za a kunna kwamfaresa a ranar ba. Da na nemi dalili, sai ya ce: "Ranka ya daɗe, yau wuta kawai za mu ba ta ta kwana da ita, gobe war haka sai mu tayar." Bayanin da ya yi mini shi ne, a jikin kowace kwamfaresa akwai wata 'yar hita da ke ɗumama man da ke ciki, kuma idan na'ura ta daɗe a ajiye, gas ɗin sanyi yakan koma ruwa ya gauraya da man. Idan aka kunna a haka, man yakan yi kumfa ya bar wuraren da ya kamata ya jiƙa, ƙarfe ya ci ƙarfe tun a mintunan farko. Ya buɗe littafin na'urar ya nuna mini inda aka rubuta cewa a bar hitar a kunne awa 24 kafin tayarwa. Na haƙura, kuma yanzu ina ganin wannan tsayin daka da ya yi a gaban mai biyansa kuɗi shi ne alama ta farko cewa mun dace da ma'aikaci.

Ranar farkon ba a zaune suka yi ta ba. Sun fara da farantin bayanai da ke jikin na'urar, domin su tabbatar an ƙera ta ne don irin wutarmu, wato bolt 400 mai fes uku (wayoyi uku masu ɗauke da wuta) da ke bugawa sau 50 a daƙiƙa. Wannan ba ƙaramin batu ba ne ga masu sayen na hannu, domin na'urorin da aka yi wa kasuwar Amurka na wuta ne mai bugawa sau 60, kuma idan aka sa su a tamu, injinansu sukan rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, sanyin ma ya ragu. Daga nan suka cire katakai da ƙarafan da ake tokare kayan ciki da su saboda tafiya, wanda masu girkawa sun bar biyu daga ciki, suka bi kowane mahaɗin waya suka ƙara ɗaure shi, suka juya fankoki da hannu su ji ko akwai inda suke gogar jiki, suka duba ƙarfin bel ɗin babbar fanka da daidaiton ƙafafun da yake gudu a kansu.

Washegari aka shiga awon wuta, kuma a nan ne aikinsu ya biya kuɗinsa. Injiniyan ya auna tsakanin fes ɗin uku a wutar layi ya sami bolt 398 da 405 da 409. Matsakaicinsu 404 ne, mafi nisa daga matsakaicin kuma ya kauce da 6, wato kusan kashi 1.5 cikin ɗari, alhali iyakar da ake yarda da ita kashi 2 ce. Ya ce bambancin da ya wuce haka yakan sa waya ɗaya a cikin injin ta ja wuta fiye da sauran, ta yi zafi, har ta ƙone a hankali ba tare da kowa ya lura ba. Da aka kunna kwamfaresa ta farko, allurar ma'aunin matsin gas ta ɓangaren tsotsa ta sauka, ta ɓangaren turawa ta hau, sautin kuma ya fito sumul, alamar tana juyawa ta inda ya kamata. Ta biyu ma haka.

Ni a raina an gama. Sai ya ce a kashe wutar layi a tayar da janareta, domin rabin rayuwar na'urar a kan janareta za ta yi shi. Kafin ya bar kwamfaresa ta tashi, ya sa wani ƙaramin ma'auni mai nuna jerin fes, sai ga shi jerin na janareta ya saɓa wa na layi: an musanya waya biyu a wajen makunnin sauya wuta tun ranar da aka yi wayarin, kuma ba a taɓa ganewa ba saboda fitilu da fankokin silin da lasifika duk fes ɗaya suke amfani da shi, ba ruwansu da jeri. Irin kwamfaresar da ke cikin na'urarmu kuwa ta hanya ɗaya kawai take matsa gas. Idan ta juya a baibai, sai ta yi ƙara mai yawa, ba ta ba da sanyi, ta yi ta zafi har abin kariyar da ke cikinta ya katse ta, kuma maimaita haka yana rage mata kwana. Da a ce an tayar da ita a wutar layi kawai an tafi, da ranar bikin nan, a daidai lokacin da aka ɗauke wuta aka koma janareta, za mu gane. Ya sa aka kira mai wayarin ya gyara a gabansa, ya sake aunawa, sannan ya ba da shawarar a ƙara wata 'yar na'ura mai sa ido kan fes, wadda ke hana kwamfaresa tashi idan jeri ya juye, ko fes ɗaya ya ɓace, ko wuta ta yi ƙasa da yawa. Ya kuma gwada jinkirin minti biyar da ke tsakanin kashewa da sake kunnawa, wanda a wurinmu yake da muhimmanci ƙwarai, tunda sauya wuta daga layi zuwa janareta abu ne na kullum.

Batun iska ma sun ba shi lokaci. Ƙa'idar da ake bi ita ce kusan kubik mita 680 na iska a awa ga kowane tan, kuma da suka auna sai suka ga abin da ke shiga zaure bai kai ba. Wani ɓangare na dalilin shi ne wata ƙofar iska da aka bari a rufe a cikin silin. Injiniyan ya kuma tuna mini cewa Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskarta ba ta kai ta Legas nauyi ba, saboda haka ba a yin sakaci da yawan iskar da fanka ke turawa a nan. Ya ɗan ƙara gudun fankar, yana yi yana duba wutar da injinta ke ja don kada ta wuce abin da aka rubuta a jikinta. Bayan na'urar ta yi aiki kusan rabin awa, bambancin zafi tsakanin iskar da ke dawowa da wadda ke shiga zaure ya tsaya a digiri 10, wanda ke cikin iyakar da ake so.

Abin da ya ƙara mini yarda da su shi ne gas. Mun saba da makanikin da ko bai buɗe na'ura ba zai ce a ƙara gas. Wannan ya haɗa ma'aunansa, ya auna zafin bututu a wurare biyu, ya kwatanta da jadawalin da ke manne a murfin na'urar, ya ce gas ɗin da aka zubo mata daga masana'anta ya cika, babu abin da za a ƙara. Ya gargaɗe ni cewa gas mai suna R410A ne na'urar take amfani da shi, wanda matsinsa ya fi na tsohon R22 da ake janyewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, kuma man da ke tafiya da kowannensu daban ne, don haka kada in taɓa yarda wani ya haɗa su ko ya zuba wani gas da ba a san asalinsa ba. Bututun zubar da ruwan da na'urar ke tsamowa daga iska kuma ya sa an yi masa lanƙwasa mai riƙe ruwa, ya cika ta da hannu, domin fanka tana zuƙar iska ta wannan bututu ta hana ruwan fita idan babu ita. Damina ta zo ta wuce, ko ɗigo bai sauko daga silin ba.

Inda suka gaza shi ne ɓangaren ɗumi. A watan Maris aka yi aikin, gari da zafi, kuma gaskiya ne cewa ba a barin irin wannan na'ura ta daɗe tana ba da ɗumi a rana mai zafi, domin matsin gas yakan hau sosai. Saboda haka sun juya ta na ɗan lokaci kawai, suka ji bawul ɗin da ke sauya hanyar gas ya amsa, suka yi alkawarin dawowa idan sanyi ya shigo. Wannan alkawari da baki aka yi shi, bai shiga takarda ba, kuma sai da na kira sau huɗu tsakanin Nuwamba da Disamba kafin su zo, alhali mun riga mun yi tarurrukan safe biyu muna kunna ɗumin da ba a tantance ba. Da suka zo aikin ya yi kyau, har suka gano cewa an saita 'yar na'urar bango mai daidaita zafin zaure ta yadda tazarar da ke tsakanin sanyi da ɗumi ta yi kaɗan, na'urar tana sauyawa daga wannan zuwa wancan ba dalili. Amma wannan abu ne da ya kamata a gani tun farkon hunturu, ba tsakiyarsa ba.

Haka nan shawarar da suka bayar kan matatar iska ba ta dace da garinmu ba. Sun ce a wanke ko a sauya ta duk wata, amma da hazo ya sauka, cikin mako biyu ta toshe, iska ta ragu, har muka ɗauka na'urar ce ta sami matsala. Kamfanin da ke aiki a Arewa ya kamata ya san ƙurar hunturu ya kuma faɗa tun farko. Yaron da ke kula da zauren kullum, wanda shi ne zai riƙa kunnawa da kashewa, minti goma kawai suka ba shi, suna tattara kaya suna yi masa bayani, alhali shi ya fi ni buƙatar fahimtar abin da kowace fitilar gargaɗi ke nufi.

Rahoton da suka bari shafi biyu ne, ɗauke da ƙarfin wuta a layi da janareta, da abin da kowace kwamfaresa da kowace fanka ke ja, da matsin gas, da zafin iska a shiga da fita, da zafin waje a lokacin awon, da kwanan wata da sa hannu. Da Turanci yake, cike da gajerun kalmomin sana'a waɗanda sai da na nemi a fassara mini, kuma da sun ƙara rabin shafi cikin sauƙin harshe da ya fi amfani. Duk da haka wannan takarda ita ce abu mafi daraja da suka bar mana. Mai sayar da na'urar ya nemi kwafinta kafin ya tabbatar da garanti, kuma a watan Janairu da na ji kamar sautin na'urar ya sauya, da ita aka kwatanta sabon awo aka ga lambobin ba su motsa ba, bel ne kawai ya saki.

Kuɗin da suka caja ya yi mini yawa a ranar da na ga takardar, musamman da yake jimla ɗaya suka rubuta ba tare da rarrabe kuɗin aiki da na kaya ba, amma bai kusa da kuɗin kwamfaresa ɗaya ba, balle asarar biki da sunan zaure. Zan sake ɗaukarsu, kuma na riga na ba su aikin dubawa na wannan shekara, sai dai a wannan karon na sa an rubuta ranar zuwan hunturu a cikin yarjejeniya, da awa guda cur na koyar da yaron zaure, da kuma riƙe kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin har sai an gwada ɗumi a safiyar da ake sanyi.