Pydub: Tana da daɗin aiki, amma sai an nuna mata inda FFmpeg yake

Duk wanda yake yanka dogon karatu ko shirin rediyo zuwa gajerun sassa, kuma yana ɗan taɓa rubutu da harshen Python, zai ji daɗin Pydub, wata manhaja ta sarrafa sauti da ake amfani da ita a cikin Python. Kyauta ake samunta, kuma da layi uku ko huɗu mutum zai buɗe fayil, ya datse farkonsa, ya ƙara ƙarfin murya, ya fitar da shi a matsayin MP3. Tana ƙirga lokaci da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, saboda haka rubuta 10000 na nufin daƙiƙa 10. A wannan fanni ba ni da abin kushewa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, fayil irin na WAV kaɗai take iya buɗewa da kanta. Idan aka ba ta MP3 ko OGG, sai ta aiki wata manhaja daban, wato FFmpeg, wadda Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000, ta yi mata aikin a bayan fage ta dawo da sakamako. Sauke Pydub ba ya zuwa da FFmpeg, kuma idan kwamfuta ba ta san inda yake ba, a Windows sai saƙon WinError 2 ya fito yana cewa ba a ga fayil ba, ba tare da ambaton wane fayil ba. Mai koyo zai ɗauka fayil ɗinsa na sauti ake nufi, ya yi ta sauya masa suna da mazauni, alhali ɗan aiken ne ba a samu ba. Abin da ke raba gardama shi ne duba ƙarshen jerin bayanan kuskuren: idan ya tsaya a subprocess.py, wato ɓangaren Python da ke kiran wasu manhajoji, to FFmpeg ne ya ɓata, domin da fayil ɗin sautin ne babu, da an rubuta sunansa ƙarara.

Mutane da yawa suna rubuta cikakken adireshin FFmpeg a AudioSegment.converter, wato wurin da ake gaya wa Pydub inda FFmpeg yake, sai dai wannan rabin magani ne, saboda kafin ta buɗe fayil Pydub tana kiran ffprobe, wata ƙaramar manhaja da ke zuwa tare da FFmpeg, don ya gaya mata irin sautin da ke ciki, shi kuwa a PATH take nemansa, wato jerin foldojin da kwamfuta ke dubawa idan an kira wata manhaja da sunanta. Abin da na fi amincewa da shi shi ne a sanya adireshin foldar bin, wadda FFmpeg da ffprobe suke ciki, a PATH, a rufe tagar umarni a sake buɗewa, sannan a rubuta ffmpeg -version. In bayani ya fito, an gama. A kuma kula da karkatacciyar sandar nan (\) da Windows ke raba adireshi da ita, domin Python yana karanta ta tare da harafin da ke biye da ita a matsayin alama ta musamman, shi ya sa C:\Users ke jawo kuskure sai an sa harafin r kafin adireshin.

Abin da ya fi damuna shi ne tsufanta. Sigar Pydub ta 0.25.1 ta fito tun 2021, kuma ta dogara da audioop, wani ɓangaren Python na sarrafa sauti wanda aka cire daga Python 3.13 a 2024. Mai sabon Python sai ya ƙara sauke audioop-lts, wato madadinsa, kafin ma Pydub ta yarda ta tashi.