Donepezil: Gwargwadon Amfaninsa Ga Mai Cutar Mantuwa

Cikin magunguna uku masu aiki iri ɗaya da likitoci ke rubuta wa mai cutar mantuwa ta Alzheimer, wato donepezil, rivastigmine da galantamine, donepezil ne ya fi sauƙin sha'ani. Kamfanin Eisai na Japan ne ya ƙirƙiro shi, aka amince da shi a Amurka a 1996 da sunan Aricept. Aikinsa shi ne taka wa wani sinadari mai suna kolinestares birki, don kada ya riƙa saurin narkar da asetilkolin, wanda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi.

Ba ya warkar da cutar, ba ya kuma tsayar da ita. A gwajin ƙwaƙwalwa mai maki 30, ribar da akan gani ba ta cika wuce maki ɗaya zuwa biyu ba. A gida kuwa, sai ka ga tsohon da ke maimaita tambaya ɗaya tun safe ya ɗan sassauta, ko Hajiya ta koma ɗaura zaninta da kanta. Wasu ko gezau ba sa yi.

Ana farawa da miligiram 5 sau ɗaya a rana, yawanci kafin a kwanta. Sai an yi sati huɗu zuwa shida jiki ya saba kafin a ɗaga zuwa 10. Masu gaggawar ɗagawa su ke gamuwa da tashin zuciya, amai da zawo, don asetilkolin ɗin da ya ƙaru har hanji yake motsawa. Idan munanan mafarkai suka hana barci, a mayar da shan da safe. Da yake sau ɗaya ne, ko da azumi ba ya ba da wahala.

Inda ya fi tsorata mu shi ne zuciya. Yana rage saurin bugunta, tsoho ya miƙe zai yi alwala jiri ya kwashe shi, ƙugu ya karye. A ƙirga bugun kafin a fara da duk lokacin da aka ƙara. In ya sauka ƙasa da 50 a minti, ko aka suma, a dakata a koma wurin likita. Mai shan atenolol ko propranolol don hawan jini sai an ƙara sa masa ido. Mai gyambon ciki da ke shan diclofenac shi ma haka.

Akwai kuma ɓarnar da ake yi ba a sani ba: a sayo Piriton a kemis saboda mura, ko a haɗa da amitriptyline na ciwon damuwa, Artane na karkarwar jiki ko oxybutynin da ake ba wanda ba ya iya riƙe fitsari. Duk waɗannan suna warware aikin donepezil, kuɗi ya tafi a banza.

Wanda cikinsa ya ƙi ƙwayar, akwai rivastigmine na mannawa a fata, daga miligiram 4.6 zuwa 9.5, ana canza wurin mannawa kullum. Gumi kan ɓamɓare shi lokacin bazara, kuma ya fi tsada.

A ganinmu donepezil ya cancanci gwaji na wata uku zuwa shida, bayan likita ya tabbatar ba ƙarancin bitamin B12, matsalar tayirod (wata ƙwaya da ke gaban wuya) ko ciwon damuwa ne ke kawo mantuwar ba. A auna nauyin mara lafiya duk wata, domin maganin kan rage cin abinci. A duba lambar NAFDAC a jikin kwali kafin a biya.