Ajin Sinanci da na Japananci a wata cibiyar harsuna a Madina

A Madina, nan Akra, akwai wata ƙaramar cibiya mai zaman kanta da ke koyar da Sinanci da Japananci daga bayan La'asar zuwa Magariba, kuma na zauna a azuzuwan biyu. Yawancin 'yan ajin Sinanci 'yan kasuwa ne masu saro kaya daga biranen Guangzhou da Yiwu na ƙasar Sin, 'yan ajin Japananci kuwa matasa ne masu neman gurbin karatu.

Ajin Sinanci shi ne ƙarfin cibiyar. Wahalar harshen tana bakin ƙofa, domin Mandarin, wato daidaitaccen Sinanci, yana da karin sauti huɗu, kuma wanda ya kuskure kari ya faɗi wata kalma dabam. Malamar ba ta barin ɗalibi ya wuce sai kunnensa ya rarrabe su, kuma a nan Bahaushe yana da sa'a, tunda harshenmu ma yana bambanta ma'ana da hawa da saukar murya, ko da yake karin da ke sauka sannan ya sake hawa yana ba kowa wuya. Bayan wannan, nahawun yana da sauƙi ƙwarai: aikatau ba ya sauya siffa saboda lokaci, suna ba shi da jinsi, kuma jimla tana tafiya daga mai aiki zuwa aiki zuwa abin da aka yi wa. Abin da ya rage shi ne haddar haruffa, wadda ba ta da gajeriyar hanya.

Japananci akasin haka yake. Wasulansa biyar ne irin namu, yana da dogon wasali da baƙi mai shadda, don haka tun makon farko furucin Bahaushe yake fita da kyau. Sai an nutsa ake gane zurfin ruwan, domin aikatau yana zuwa a ƙarshen jimla, maganar girmamawa tana da nata siffofin, rubutu kuma iri uku ne a haɗe: hiragana da katakana masu haruffa 46 kowanne, sannan kanji, wato haruffan da aka aro daga Sinanci, waɗanda gwamnatin Japan ta ware 2,136 a shekarar 2010 don amfanin yau da kullum, kuma galibinsu suna da karatu fiye da ɗaya. A nan cibiyar ta gaza, saboda malamin ya daɗe yana rubuta darasi da haruffan boko, alhali jarrabawar JLPT, wato ta gwada ƙwarewa a Japananci, ko a matakinta na farko, N5, da rubutun Japan take zuwa.

Kuɗin wata bai yi tsada ba, amma ɗakin ya yi ƙanƙanta, kuma hayaniyar tashar mota tana shigowa daidai lokacin atisayen sauraro. A ganina Japananci ya fi wuya ga mai son kai wa ga karatu da rubutu. Ɗan kasuwa zai amfana da ajin Sinancin cibiyar cikin 'yan watanni, mai shirin JLPT kuwa ya kamata ya haddace hiragana da katakana da kansa kafin ya biya kuɗin rajista.